Kyamarar da aka ce in ɗaura a bakin tafki

Sana'ata haɗa kyamarorin tsaro ne da sola, a Farm Centre nake sayen yawancin kayana, daga nan in je gida ko shago ko gona in haɗa wa mutum. Cikin 'yan shekarun nan akwai wata 'yar ƙaramar kyamara da ta fara shigowa hannunmu, bata buƙatar wayar wuta balle nepa, batir ne kawai ko ɗan faifan sola kamar tafin hannu, kalarta kalar ɓawon itace, da bel ake ɗaure ta a jikin bishiya. Akwai wani ido a jikinta da yake jin ɗumin jiki da motsi, duk abinda ya gifta ko mutum ko akuya sai ta ɗau hotonsa ta rubuta rana da lokaci a ƙasan hoton, da daddare kuma tana haskawa da wani haske da idonmu baya gani. Wata a memori take ajiyewa sai kaje ka cire, wata kuwa sim ake sa mata, kana kwance a ɗakinka a Kurna hoton zai faɗo wayarka. Masu gonaki ne suka fi saye a gurina saboda ɓarayin masara da na tumaki, kuma gaskiya tana musu aiki.

To ranar Laraba wani yaro ɗan unguwarmu yazo shago, yaron kirki ne wallahi, yana cikin masu fita farauta da karnuka in an gama girbi. Yace Yaya mai sim ɗin nan nake so, akwai wani tafki can kudu hanyar Tudun Wada da baya ƙafewa har cikin bazara, in na ɗaura ta a gurin zan san ƙarfe nawa gada take zuwa shan ruwa, kaga ba sai na kwana ina dako sauro na cina ba, tana zuwa zan gani in hau babur.

Nace masa ya bani kwana biyu. Ba don babu kayan ba, guda uku ne ma a kanta, kawai raina ne bai kwanta ba kuma a lokacin ban iya faɗa masa dalili ba.

Washegari da yamma naje gurin Kawu. Ƙanin mahaifiyarmu ne, yanzu ya haura saba'in, ƙafa ta hana shi zuwa ko'ina sai masallaci, amma a zamaninsa maharbi ne na gaske, har yanzu kwarinsa da bakansa suna rataye a ɗaki da wata tsohuwar bindigar toka da ta daina tashi. Na nuna masa kyamarar na masa bayani, ya juya ta a hannu ya daɗe yana kallo, sai yace ɗan nan a ina yace zai ɗaura? Nace bakin tafki Kawu. Yace da rani? Nace eh. Sai ya miƙo min abata yace, dabbar da ƙishirwa ta koro ba zuwa tayi ba kawo ta akayi. Yace su ma sunyi dako a mashaya ba zai min ƙarya ba, amma kai ne zaka kwana a gurin da jikinka, iska ta juya ta kai mata warinka ta gudu, kayi tari ta gudu, gyangyaɗi ya ɗauke ka ta sha ta tafi, cikin kwana biyar watakila ka samu sau ɗaya, sauran huɗun nata ne. Yace wannan abin naka baya tari baya barci baya wari, to ina nata rabon?

Wannan tambayar ce ta sa na kwana ina karance-karance a waya, sai na tarar ashe rigimar da ake ta yi kenan a Amurka, kuma abin mamaki a kan mashaya ɗin dai ta fi zafi.

Jihar Arizona hamada ce, hukumar kula da namun dajinsu ta gina guraren tara ruwa da yawa a cikin daji domin dabbobi su samu na sha lokacin fari. Sai mafarauta suka gane ai duk wata babbar dabba dole ta biyo ta nan, kowa ya kawo kyamararsa ya ɗaura, ka samu mashaya ɗaya kyamarori rututu a jikin itace, masu su kuma kullum suna zarya da mota suna zuwa cire memori suna korar dabbobin daga ruwan da aka gina dominsu, harda faɗa tsakanin mafarautan kan waye ya riga ganin wane ƙaton namiji. A watan Yunin 2021 hukumar ta kaɗa ƙuri'a ta hana amfani da kyamarar daji don farauta gaba ɗaya, dokar ta fara aiki 1 ga Janairun 2022. Maƙwabciyarta Yuta a 2022 ta ɗauki wata hanyar, ta hana daga 31 ga Yuli zuwa 31 ga Disamba wato lokacin farautar manyan dabbobi, ta kuma hana sayar da hotunan, don akwai waɗanda sana'arsu kenan su baza kyamarori su gano inda dabba mai manyan ƙahoni take su sayar wa mai kuɗi labarin. Nebada ma tana da irin wannan hanin na watanni a filayen gwamnati, Kansas kuma a 2023 ta hana ɗaura su a filayen da hukumarta take kula dasu. Wasu jihohin da yawa basu hana komai ba, musamman inda yawancin farautar a gonar mutum ake yinta.

Su can suna da wata ƙa'ida da suka daɗe da ita, in zan faɗe ta da Hausa sai ince ba wa dabba damar tsira. Ƙungiyar Boone and Crockett ce ta fi yaɗa ta, wadda Theodore Roosevelt ya kafa da abokansa a 1887 tun kafin ya zama shugaban ƙasa. Kuma ba daɗi ne yasa suka kafa ta ba, sun ga abinda bindiga mai kyau da jirgin ƙasa da kasuwar fata suka yi wa ɓaunarsu, daga miliyoyi ta dawo 'yan ɗaruruwa, akwai ma wata irin kurciya da take rufe sama in ta taso, ita kam ƙarewa tayi ƙurmus, ta ƙarshe ta mutu a gidan zu a 1914. Ƙungiyar nan tana da kundin da take rubuta manyan dabbobin da aka harba, kuma ba za'a sa taka ba sai ka sa hannu cewa baka hango ta daga jirgin sama ka sauko ka harbe ba, baka kore ta da mota ba, ba'a cikin shinge take ba, ba tana iyo a ruwa ko ta maƙale a dusar ƙanƙara ka same ta ba. Yanzu sun ƙara da duk na'urar da take turo maka inda dabba take a daidai wannan lokacin. Da na karanta maganar iyo da ƙanƙarar nan sai naji kamar Kawu ne yake magana, dabbar da bata da zaɓi ba'a kiranta abin farauta.

Kuma duk sabon abin da ya fito sai an sake wannan muhawarar. A 1971 suka yi dokar ƙasa da ta hana harbin dabba daga jirgin sama. A 2005 wani mutum a Teksas ya haɗa bindiga da kyamara da intanet yadda kana gida zaka danna kwamfuta ta harbi dabba a gonarsa, ai kuwa mafarautan da kansu ne suka fara tayar da ƙayar baya, a shekarar Teksas ta haramta. Alaska ta hana neman dabba da jirgi maras matuƙi a 2014. Yanzu kuma ana kan madubin hangen dare mai ganin ɗumin jiki.

Masu goyon bayan kyamarar suna da hujja fa, ban raina ta ba. Suna cewa hoto baya kashe dabba, sai kaje da ƙafarka ka iya harbi, kuma wanda ya san dabbobin gurinsa shine zai bar mace mai ɗa ya zaɓi tsohon namiji, ga mai aiki da bashi da sati guda na yawon duba sawu, ga dattijo irin Kawu da zai so ko a waya ne ya ga daji. Sannan ita wannan kyamarar dai ita masu bincike suke amfani da ita, a 2020 da ita aka samo hotunan gwaggon birin Kuros Riba da 'ya'yansu a tsaunukan Mbe, dabbar da saura 'yan ɗaruruwa a duniya kuma da wuya mutum ya ganta da ido. Shiyasa ni bana cewa a hana shigo da ita, in an hana ma ni zan fara ji a aljihuna, kuma mai gonar da ake sace wa tumaki me yayi? Abinda nake gani shine a duba guri da lokaci da kuma irin kyamarar. Mai memori da ka ɗaura a hanyar daji ka dawo bayan sati biyu, labarin jiya take baka, dabbar tana iya canja hanya. Mai sim a bakin ruwa ɗaya tilo cikin watan Maris, wannan ba labari take baka ba, kiranka take kazo ga ta nan.

Amma tsakani da Allah mu a nan kyamara ba ita ce babbar matsalarmu ba tukuna, mutum nawa ne cikin masu farauta zai iya sayenta? Namu fasahar da ta riga ta cinye daji tocilar goshi ce da babur. Tocilar caji ta 'yan kuɗi kaɗan, ka haske idon zomo ko gada da daddare ta tsaya cak kamar an dasa ta, ba gudu ba ɓuya. Babur ya kai mutum inda da sai yayi kwana biyu a ƙafa, waya kuma ta sa masu kora da masu tare hanya suna magana da juna. Ga cinna wa daji wuta don a fito da burgu da gafiya, a ƙone ciyawar da makiyayi yake jira, wani lokacin harda amfanin da ba'a kwashe ba. Kawu yana lissafa min abinda ya gani da idonsa a dazukan kudancin Kano wajen Falgore yana saurayi, gwanki, kanki, ɓauna, yaran yanzu sunayen kawai suka sani sai ko in an kaisu gidan zu na Audu Bako. Kuma ba wai babu doka bane, tun yarjejeniyar Landan ta 1933 kan namun dajin Afirka aka yi maganar hana korar dabba da mota da hasken da yake kashe mata ido da guba da zagaye ta da wuta, Arewa tayi dokar namun daji a 1963, ga dokar tarayya ta 1985 kan dabbobin da suke neman ƙarewa. Takardun suna nan, amma yaron da yazo shagona bai taɓa jin ko ɗaya ba, kuma ba laifinsa bane.

Wanda yake ji shine Sarkin Bakansu da manyan ƙungiyarsu, in suka ce ba'a fita ranar kaza ba mai fita. Ni a ganina nan ya kamata maganar ta fara, su zauna su yanke cewa ba haske da daddare, ba wuta, ba kyamara a mashaya daga sanda ruwa ya ja baya har damina ta sauka, wanda ya karya a hana shi bin tawaga. Hukuma ta biyo baya da nata. Kuma ba sai mun aro hujja daga Arizona ba, a Suratul Ma'ida aya ta 94 Allah Ya ce zai jarrabi muminai da wani abu na farauta da hannayensu da māsunsu suke iya kaiwa gare shi, maganar masu harami ce na sani, amma jarrabawar a sauƙin kamun take. Farauta halal ce, aya ta 4 a surar ma ta halatta abinda karen da aka horar ya kamo in an ambaci sunan Allah, Annabi (SAW) kuma ya hana a mai da abu mai rai abin gwajin harbi. Malamai sun fini sanin hukuncin, ni dai abinda zuciyata ta ɗauka kenan.

Ranar Juma'a bayan masallaci yaron ya dawo. Na faɗa masa gaskiya cewa mai sim ɗin ba zan ɗaura masa a tafki ba, in gonar babansa ce ko yau muje kuɗin aiki ma na yafe. Ransa bai so ba, yace Yaya ai in baka sayar min ba wani zai sayar min, nace haka ne ban musa ba. Sai na roƙe shi abu ɗaya, ya raka ni gurin Kawu ya gaishe shi. Munje bayan la'asar, ni na baro su wajen magariba saboda ina da aiki a Hotoro, na bar Kawu ya sa an sauko masa da bakan yana zana masa sawun gada da na barewa a ƙasa da sandarsa yana tambayarsa wanne ne na mai ciki.