Farin tsako a akurkina

Kwana 21 cif baƙar kazata ta yi tana kwanci a kan ƙwai goma sha biyu. Ranar ƙyanƙyasa na leƙa akurki da asuba, sai ga 'yan tsaki uku sun fita daban, ruwan ɗorawa mai haske. Da suka yi gashi suka zama farare fat. Uban kuwa ja ne, uwar baƙa wuluk.

Inna ta ce, "Ai zakaran maƙwabta ne ya tsallako, ɗan nan." Maganarta da hujja, don kaza kan riƙe maniyyin zakara sama da mako biyu. Amma wata biyu ke nan kazata ba ta fita ba, ni nake kulle ƙofar da hannuna.

Akwai farin da ke ɓuya a jini. Sai tsako ya gaji ƙwayar halittar farin daga uwa da uba duka kafin ya bayyana, kusan ɗaya cikin huɗu, irin lissafin da masanin gadon halitta Mendel ya wallafa a 1866 kan waken Turawa. Sannan na tuna kazar da zakaran duk jikokin wata farar kaza ce da kakata ta ba ni. Shaho ya fi hango farare, shi ya sa ukun nan ba na sakinsu tsakar gida sai ina zaune.