Wasiƙa daga Biel zuwa ga ƙannena masu son sayen tsohon agogo

Assalamu alaikum 'yan'uwa.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kowa yana lafiya, da iyali da harkoki. Ina rubuto muku ne daga Biel, wani gari a ƙasar Suwizalan, garin da masu Faransanci ke kira Bienne. A nan hedikwatar Omega take, a nan Rolex ke ƙera injinan agogonsa, kuma Lengnau, garin da ake yin Rado ɗin nan da iyayenmu suka sani, tafiyar 'yan mintoci ce a jirgin ƙasa. Ina jin wannan ne ya sa matasa daga gida suke yawan turo mini hotuna a WhatsApp suna cewa, "Yaya, don Allah duba mini wannan, orijina ne?" Galibi hoto ɗaya ne tak, na fuskar agogon, kuma an riga an ba dillali kafin alƙalami. Abin yana damuna, domin kuɗin guminku ne. Shi ya sa na ga gara in zauna in yi bayanin a tsanake.

Shi tsohon agogo, wanda ya shekara arba'in ko hamsin, ba kasafai yake zuwa jabu tsantsa ba. Jabu tsantsa ma ya fi sauƙin ganewa. Wanda ke cin mutane shi ne na haɗe-haɗe: jikinsa na wannan agogon ne, injinsa na wancan, fuskarsa kuma wani ya sake mata fenti a shago ya rubuta sunan kamfani. Kowane ɓangare yana iya zama na gaske, amma ba su taɓa fitowa daga masana'anta tare ba. Kada ku ɗauka sabon shiga kaɗai wannan ke kamawa. A watan Nuwamba na 2021, gidan gwanjon Phillips ya sayar da wani Omega Speedmaster na 1957 a Jeniba kan faran (kuɗin Suwizalan) miliyan 3.1 da ɗoriya, kuma kamfanin Omega ne da kansa ya saya domin gidan tarihinsa. A 2023 kamfanin ya fito ya ce agogon na haɗe-haɗe ne, daga sassan agogo dabam-dabam aka harhaɗa shi. In an yi wa masu abin haka da ƙwararrunsu, ina ga wanda ya ga hoto ɗaya a waya ya tura kuɗi?

Duk wanda ya taɓa sayen mota 'yar Kwatano ya san ba a tsayawa ga fenti, sai an ɗaga bonet an ga lambar inji ta dace da takarda. Haka ake yi wa agogo. Abu uku ne dole su yarda da juna: fuska, inji, da murfin baya. Mai sayarwar da ya ƙi buɗe murfin ya nuna muku inji, ko ya ƙi turo hotonsa a fili da rana, ku yi masa godiya ku wuce.

Bari in nuna muku da Seiko, domin shi na fi so ku fara da shi. Ku juya agogon. A bayansa za ku ga lambobi guda takwas da ɗan layi a tsakiyarsu, misali 6119 sannan wasu huɗu. Huɗun farko sunan injin ne, huɗun ƙarshe samfurin jikin. In aka buɗe murfin, dole a ga 6119 ɗin nan rubuce a jikin injin. Ku dawo fuska, can ƙasa kusa da ƙarfe shida akwai wani ƙanƙanin rubutu da sai da gilashin ƙara girma ake karanta shi sosai, shi ma yana ɗauke da lambar injin. In baya ya ce 6119, inji ya ce 7009, fuska kuma ba ta ce komai ba, magana ta ƙare. Akwai kuma wata lambar a murfin, mai guda shida, wadda ke faɗin lokacin da aka yi shi. Ta farko ita ce lambar ƙarshe ta shekara, ta biyu wata ne, daga 1 zuwa 9, sai O na Oktoba, N na Nuwamba, D na Disamba. Injin 6119 na ƙarshen shekarun 1960 ne zuwa tsakiyar na 1970, don haka in lambar ta fara da 23, agogon na watan Maris ne na 1972. Wannan bincike ba ya cin minti biyar, kuma ba ya buƙatar ko sisi.

Seiko 5 ya fara fitowa a Japan a 1963, aka yi shi da yawan gaske, mai ƙwari da araha. Waɗanda aka kai ƙasashen Larabawa suna nuna ranar mako da Larabci da Turanci, ka murza ka zaɓi wanda kake so. Irinsu ne alhazai suka riƙa shigowa da su tsaraba daga Makka da Jidda a shekarun 1970 da 1980, tare da Citizen da Orient da Rado. A nan nake so ku saurare ni da kyau: kafin ku nemi agogo a intanet daga wata ƙasa, ku fara tambaya a gida. Ku tambayi Baba, ku tambayi Kawu, ku roƙi Hajiya ta duba cikin adaka da tsohuwar akwatin Alhaji. Agogon da ya kwana shekara talatin a can bai taɓa shiga hannun mai fenti ba, kun san wanda ya saya, kun san shekarar da ya je aikin hajji. A nan Turai abin da masu tara agogo suke biya da tsada ke nan, agogon da aka san asalinsa kuma ba a taɓa shi ba. In na gado ne, a sanar da sauran magada a yi abin a fili.

Rado DiaStar kuwa, mai faffaɗan jiki mai sheƙi, a 1962 aka fara yin sa, da wani ƙarfe mai tauri da ba ya ƙarcewa cikin sauƙi. Na gaske ko ya tsufa za ku ga jikinsa sumul, sai dai ƙarfen yana iya tsagewa ko ya ɓantare in ya faɗi a kan siminti, don haka a duba gefunansa. Jabunsa kuwa ruwan gwal ɗin yana koɗewa a kusurwa, jan ƙarfe ya leƙo. A fuskar na otomatik, wato mai cika kansa da motsin hannu, akwai ɗan tambarin anga da ke juyawa in an karkata agogon. In ya ƙame wuri guda, a yi hattara. In yana juyawa ma ba hujja ba ce ita kaɗai, domin masu jabu sun koyi yin sa. A buɗe a ga inji.

Akwai wani kaya da ya cika eBay da sauran kasuwannin intanet, wanda masu harkar nan suke laƙaba wa sunan Mumbai domin yawancinsa daga Indiya ake turo shi. Za ku ga Seiko ko Citizen ko Oris ko Favre-Leuba da fuska ja wur ko shuɗiya shar, sabuwa fil, an ce na 1970 ne, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, kuma mai shagon yana da ɗaruruwa irinsa. Tsofaffin injina ne da suka gaji aka zuba a sabon jiki, aka buga musu fuskar da kamfanin bai taɓa yi ba. Ku lura da rubutun: ya yi kauri, haruffan ba su daidaita ba, alamomin mintoci ba su zauna a kan layi ba. Ba laifin agogon Indiya ba ne. HMT na gaske, irin su Janata da Pilot, agogo ne na mutunci. Amma wannan kayan araha ce da ba ta ado, in ya yi wata uku yana tafiya an gode Allah.

Fuska ita ce rabin kuɗin tsohon agogo, kuma ita aka fi yi wa algus. Ga wata dabara. Sinadarin da ake shafa wa hannayen agogo da lambobinsa don su yi haske da dare iri uku ne, ɗaya bayan ɗaya. Da farko radiyom ne, har zuwa shekarun 1960. Sai aka koma tiritiyom, shi ne za ku ga an rubuta T SWISS T ko T SWISS MADE T a ƙasan fuska. Shi tiritiyom ƙarfinsa yana raguwa da rabi duk bayan kimanin shekara 12, saboda haka na 1975 ya daɗe da mutuwa, launinsa ya koma kamar na madara ko ƙasa-ƙasa. A ƙarshen shekarun 1990 aka koma wani sabon sinadari marar illa. To in aka ce muku agogo na 1975 ne, yana da T a fuska, amma kuka haska masa tocila kuka shiga ɗaki mai duhu ya yi ta walƙiya kore shar na tsawon lokaci, an sake masa shafi ko an canza fuskar. Ku kuma duba ko launin da ke hannaye ya yi daidai da na lambobi, domin tare suka tsufa. Na radiyom, wato na shekarun 1940 da 1950, ko ya daina haske gubarsa tana nan, tana ɗaukar shekara 1,600 kafin ta ragu da rabi. Kada a buɗe shi a gida, kada a hura ƙurarsa, kada a ba yara su yi wasa da shi.

Wasu maganganun da ake yi a kasuwa kuma ku daina dogaro da su. Ana cewa in hannun daƙiƙa yana tafiya sulu ba ya tsalle, orijina ne. Duk agogo mai wani (wanda ake murzawa da hannu ya cika) ko otomatik haka yake tafiya, har da jabun da aka sa wa injin China, domin yana bugawa sau biyar ko shida ko takwas a daƙiƙa. Nauyi ma ba shaida ba ne. Rubutun 17 JEWELS ba lu'ulu'u ba ne mai tsada, 'yan duwatsu ne na haɗi da ake sawa don rage gogayya. Kwali da takarda ana sayar da su daban, ana kuma buga na bogi. Zinariya kuwa tana da hatimi: 750 shi ne karat 18, 585 karat 14, 375 karat 9. In kuka ga PLAQUÉ ko an ambaci maikiron (ma'aunin kaurin shafe) 10 ko 20, shafe ne kawai a kan wani ƙarfe. Mu maza dai mun san abin da malamai suka faɗa game da sa zinariya, don haka na farin ƙarfe ya ishe mu, ya kuma fi jure wahala.

Kafin ku sayi agogo, ku nemi mai gyara. Ina nufin dattijon nan mai ɗan akwatin gilashi a bakin kasuwa ko kusa da masallacin Juma'a, wanda ya koyi aikin tun kafin agogon batir ya cika gari. Suna nan a Kano da Zariya da Maraɗi da Damagaram, amma suna ƙarewa, kuma yaran da suka gaje su canjin batir suka fi sani. Dalilin yana da tarihi. A ranar 25 ga Disamba 1969 Seiko ya fitar da Astron, agogon hannu na farko mai aiki da kwatz (irin agogon batir na yau) da aka sa a kasuwa. Cikin 'yan shekaru irinsa ya yi araha, ya kuma fi kowane mai wani daidaito. Ma'aikatan agogo a ƙasar nan sun kai kusan 90,000 a 1970, zuwa tsakiyar shekarun 1980 suka koma wajen 30,000. Kamfanoni da yawa suka rufe, kayan gyaransu suka watse. Tsofaffin garin nan har yau suna ba da labarin lokacin da maƙwabtansu suka kwashe kaya suka bar gari. Abin da wannan ke nufi gare ku shi ne, ku zaɓi injin da ake samun kayansa, irin na Seiko, ko ETA, injin Suwizalan da ke cikin Rado da Tissot da wasunsu da yawa. Ku tafi da mai gyaran wurin ciniki ku biya shi ladansa. Shi zai ga tsatsa, ya ga dunƙulen busasshen mai, ya ga inda aka liƙe da gam. A nan Suwizalan wanke inji da sa masa mai yana cin ɗaruruwan faran, sau da yawa ya fi kuɗin agogon kansa. Ku da kuke da irin waɗannan dattawa a kusa, ku riƙe su da daraja, wanda ke da sha'awa ma ya zauna ya koya.

In an daidaita, ku nemi a bar muku shi kwana ɗaya. A yi masa wani ya cika, a saita shi da waya, a ajiye. Lafiyayye zai kai gobe war haka yana tafiya, da yawa suna kai awa arba'in. In ya yi gaba ko baya da rabin minti a yini, wannan ba aibi ba ne ga mai shekara hamsin. In mintoci ne, yana bukatar aiki, a rage kuɗi.

Omega na shekarun 1960, irin su Seamaster masu inji launin jan ƙarfe, shi ne mataki na gaba in ido ya buɗe. Lambarsa tana jikin inji, lambar samfuri tana cikin murfi. Longines ma yana da kyau, kuma kamfanin da ke Saint-Imier yana riƙe da rajistar lambobin agogonsa tun 1867. Rolex kuwa ban ba sabon shiga shawarar ya fara da shi ba, ko da kuɗin suna nan. Jabunsa ya kai matsayin da sai an buɗe an auna. An fi yin algus a masu tambari na musamman, kamar masu hoton wuƙar Oman da Sarki Qabus ya riƙa bayarwa kyauta, domin ɗan tambarin nan kaɗai yana ninka kuɗi. Kuma kada wanda ya saya da niyyar zai sayar gobe ya ci riba. Kaɗan ne ƙwarai suke tashi, sauran dai abin sawa ne a ji daɗi.

Wanda Allah ya sa ya samu nasa, ya cire shi in zai yi alwala, ko da an rubuta ba ya shan ruwa, domin robar da ke tare ruwan ta daɗe da bushewa. In kuka ga gumi a cikin gilashi, a kai wa mai gyara a ranar. Kada a canza kwanan wata tsakanin ƙarfe tara na dare da uku na asuba, a lokacin haƙoran da ke juya shi suna haɗe, ana iya karya su. A nisanta shi da lasifika da maganaɗisu. Lokacin hunturu ƙura tana shiga ta wurin abin murzawa, a tabbata an mayar da shi ya zauna. Kada kuma a yarda wani ya goge jikin da inji ko ya sabunta fuskar don ya yi kyau, ƙarcen nan da dusashewar suna cikin abin da ke nuna na asali ne. Gilashin roba in ya ƙarce, ɗan man goge baki da tsumma mai laushi suna rage shi.

Wanda zai turo mini hoto daga yau, ya turo huɗu: fuska, baya, cikin murfi, da inji, a ɗauka da rana a inuwa, kuma kafin a biya.

Ku gaishe mini da iyaye da sauran 'yan'uwa. Allah ya sa albarka a nema.

Wassalam,
Yayanku da ke Biel.