Murar da ta tayar mini da sukari bayan na koma aiki

Lokacin da likita ya tabbatar mini cewa ina da ciwon sukari nau'i na biyu, bayan gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sukarin jini na watanni biyu zuwa uku da suka wuce, ya haura 6.5 cikin ɗari da ake yanke hukunci da shi, na karɓi maganar magani da ta sauya cima ba tare da wata damuwa mai yawa ba. Komawa aiki ce ta tsaya mini a rai. Ofishinmu ɗaki ɗaya ne mai ɗauke da mutane da yawa, tagoginsa a rufe suke saboda na'urar sanyaya ɗaki, takardu kuma suna yawo daga wannan hannu zuwa wancan tun safe har a tashi, ga shi an riga an shaida mini cewa mai ciwon sukari ya fi saurin kamuwa da cuta, kuma idan ta kama shi takan daɗe ba ta sake shi ba.

Tsoron nan yana da tushe, kuma ba na jin daɗin masu cewa raki ne kawai. Idan sukari ya yi yawa a jini, fararen ƙwayoyin jini da ke yaƙar cuta sukan rage kuzari, ciwo yakan yi jinkirin warkewa, sannan idan sukarin ya wuce kimanin 10 mmol/L a ma'aunin na'urar gwajin sukari, ƙoda takan fara zubar da shi cikin fitsari, abin da ke ba ƙwayoyin cuta wurin zama a mafitsara. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sanya ciwon sukari cikin manyan abubuwan da ke ƙara haɗarin kamuwa da tarin fuka. Amma likitan ya nuna mini cewa haɗarin yana bin matakin sukarin ne, wanda ya saukar da HbA1c ɗinsa ƙasa da 7 ya rage shi sosai, don haka babu dalilin da zan ajiye aikina in kulle kaina a ɗaki.

Na yi shiri irin wanda kowa ya sani: allurar rigakafin mura mai tsanani da ta ciwon huhu, wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 20, takunkumin fuska idan wani yana tari kusa da ni. Wannan duka ya tafi daidai.

Duk da haka mura ta kama ni, ƙarama ce ma, irin wadda a da ba ta hana ni fita. Zazzaɓi ya biyo baya, bakina ya yi ɗaci, na wuni ban ci wani abin kirki ba, ina ta fargabar kada sukarina ya faɗi. Da na tsaga yatsa na ɗiga jini a kan tsinken gwaji, sai na'urar ta nuna mini lamba ta haura 15. Na ɗauka ta lalace ne, ko wani abu mai zaƙi ya taɓa yatsan, na je na wanke hannu na goge, na ɗauko sabon tsinke, lambar ta dawo kusan yadda take. Ta yaya wanda bai ci abinci ba sukarinsa zai hau haka? Sai daga baya na fahimci cewa idan jiki yana yaƙi da cuta yakan saki sinadaran cortisol da adrenaline, su kuma su sa hanta ta zubo sukarin da ta ajiye cikin jini, su kuma hana insulin, sinadarin da ke saukar da sukari a jini, yin aikinsa yadda ya kamata. Wato cutar da kanta take tayar da sukari, ko mutum ya ci ko bai ci ba.

Cikin dare amai da gudawa suka shigo, ƙishirwa ta addabe ni, fitsari kuma bai tsaya ba, ni kuwa na ci gaba da haɗiye metformin, maganin sukarin da aka ɗora ni a kai, a kan lokacinsa, domin takardar da aka sallame ni da ita ta ce kada a tsallake magani ko sau ɗaya. Washegari sai da aka ƙara mini ruwa a asibiti, kuma a kan gadon ne ma'aikaciyar jinya, tana gyara robar ruwan, ta tambaye ni cikin mamaki: "Malam, ba a faɗa maka ana dakatar da wannan maganin idan ana amai ba?" Ba a faɗa mini ba. Ashe idan ruwa ya ƙare a jiki ƙoda ba ta iya fitar da metformin yadda ta saba, yana iya taruwa ya jawo tsamin jini mai haɗari, shi ya sa ake ajiye shi har sai mutum ya koma ci da sha, haka ma magungunan da ke fitar da sukari ta fitsari irin su empagliflozin. Insulin kuwa akasin haka ne, ba a daina shi don ana rashin lafiya, sau da yawa ma ƙara shi ake yi bisa umarnin likita.

Har yanzu abin yana yi mini ciwo. An ɗauki lokaci ana yi mini bayani a kan gujewa kamuwa da cuta, har da yadda zan duba tafin ƙafata kowane dare saboda kumburin da sabon takalmi kan jawo (wanda shawara ce mai kyau, ina bin ta), amma babu wanda ya ce mini ga abin da zan yi ranar da cutar ta riga ta shigo, alhali babu mai aiki cikin jama'a da zai shekara bai yi mura ba. Maganar ba ta fi ta minti biyar ba, rashin yin ta kuwa ya sa na sake ɗaukar hutun rashin lafiya ina dawowa aiki ke nan, na tsaya gaban shugaban sashenmu ina bayanin abin da ni kaina ban gama fahimta ba.

Duk wanda aka gano masa ciwon nan kwanan nan, kafin ya koma bakin aiki ya nemi likitansa ya rubuta masa tsarin ranar rashin lafiya a takarda, da sunan kowane magani: wanne za a ci gaba da sha, wanne za a dakatar, kuma a wace lamba ce za a bar gida a tafi asibiti. Nawa tsarin ya ce in gwada sukari duk bayan awa 3 zuwa 4, in riƙa kurɓar ruwa a kai a kai ko da ba na jin sha, idan kuwa ruwan ya ƙi zama a ciki, ko numfashi ya sauya, ko barci mai nauyi ya fara rinjayata, kada in jira gari ya waye. Na ajiye kwafi ɗaya a gida, ɗaya a aljihun teburina, na kuma nuna wa abokin aikin da ke zama kusa da ni inda yake, tare da ƙwayoyin gulukos na gram 15 da ake sha idan sukari ya sauka ƙasa da 3.9. Shi ne kaɗai na sanar da shi ban da shugaba, domin akwai wanda ya ji labarin a wani wuri ya fara janye kofinsa daga kusa da nawa, sai da aka fahimtar da shi cewa ciwon sukari ba ya yaɗuwa.

Takunkumin yana nan a jakata, ina sa shi idan tari ya yi yawa a ofis. Da mura ta sake kama ni daga baya, na kira asibiti tun ranar farko, na bi takardar layi bayan layi, sukarin ya hau kamar yadda na yi tsammani, sannan ya sauka da zazzaɓin ya tafi, ban kuma kwana a gadon asibiti ba.