Godiya bayan dawowar ƙanwata

Alhamdulillahi, ƙanwata ta iso gida. Daren jiya Inna ta yi barci har gari ya waye, abin da rabonta da shi tun ranar da kafilin yarinyar nan a Saudiyya, wato ubangidan da take yi wa aikin gida, ya kai rahoto wai ta gudu, alhali fasfonta na kulle a ɗakinsa, albashinta na watanni kuma bai biya ba. Kun bi labarin, ba sai na maimaita ba, ni ma ƙarfina ya ƙare.

Abu ɗaya ne ba zan iya haɗiyewa ba. Jarumar fim ɗin nan da ta ɗauki maganar, kafin ta wallafa komai sai da ta kira Inna da kanta. Na kunna lasifikar waya, na ji ta gaishe ta cikin ladabi, sannan ta ce, "Mama, 'yarki ce, sai da izininki. Kuma ba zan nuna fuskarta ba, gobe za ta dawo cikin mutane." Inna ta kasa magana, sai ta rufe baki da bakin mayafi tana gyaɗa kai kamar ana ganinta. Mun riga mun gaji da masu neman bidiyon kukanmu don su tara mabiya, ita kuwa mutuncin yarinyar ta fara tunawa. Bayan ta yi magana, wayoyin da aka daina ɗauka aka fara ɗauka, ejan da ya kai ta can, wanda ya ɓace, ma ya bayyana. Ta roƙe ni kada in kama sunanta. Allah Ya san ki, Ya rufa miki asiri duniya da lahira, Ya jiƙan magabatanki.

Masu cewa ina ruwan 'yan fim da 'yan ƙwallo da wannan, ku tuna 'yan wasan Norway sun fito da riguna masu saƙon kare haƙƙin ɗan'adam a Maris 2021, na Ostireliya kuma suka yi bidiyo a 2022 kan ma'aikatan da suka gina filayen gasar cin kofin duniya a Katar. Muryar sananne tana isa inda tamu ba ta kaiwa. Kuma ana buƙatarta, domin gyaran tsarin kafala (wanda ke ɗaure ma'aikaci ga ubangidansa) da Saudiyya ta fara a 2021 bai haɗa da masu aikin gida ba, su ne kuwa a bayan ƙofa a rufe.

Maman 'yan biyu, na san za ki ji kunya, amma sai na faɗa: ke kika ara wa ƙanwata waya a ɓoye a can, kina sane ke ma 'yar aiki ce, ana iya kama ki. Kawu Ƙarami, kai ka yi ta zirga-zirgar takardu da ciwon ƙafarka. Allah Ya saka muku da Aljanna, Ya kuɓutar da duk wadda ke can tana kuka ba mai jin ta, Ya mayar da kowa ga iyayensa lafiya.

'Yan'uwan da suka fi kowa murna lokacin da take aiko da kuɗi, sannan wayarsu ta mutu da abu ya ɓaci, mun gode, Allah Ya bar zumunci.

Maganar albashinta na hannun lauya. Masu son zuwa barka, don Allah a ɗan ba ta kwanaki, har yanzu tana firgita in an buga ƙofa da ƙarfi.