Abin da aiki ya koyar kan gatarin da ke girgiɗi a ƙota

Da hunturu ya shigo Bauchi, masu faskare sai su fara sintiri a maƙera da kuka iri ɗaya: ruwan gatari yana rawa a ƙota. Iska ce ta tsotse danshin itacen, ramin ya saki ƙarfe.

Dabarar da kowa ke fara yi ita ce a tsoma gatarin a bokitin ruwa ya kwana. Da safe za a same shi daram, amma itacen da ya kumbura ya matsu da ƙarfe har naman sa ya murƙushe. Kwana biyu ko uku ya bushe, girgiɗin ya fi na da. Cusa ƙusa kuwa tsaga ƙota yake yi, kuma ranar da gatari ya kwaɓe ana tsakiyar sara, Allah kaɗai ke tsare ƙafar na kusa.

A gatarinmu na gida wutsiyar ƙarfen ce ke shiga ramin ƙota, don haka sai a kwaɓe shi tukuna a duba ramin. Yawanci za a tarar da baƙin gawayi a ciki, saboda an gasa wutsiyar ta yi ja aka bar ta ta daɗe tana cin itace. Gawayi ba ya riƙo. A kankare shi da wuƙa har farin itace ya fito. Sannan a feƙe ɓallin busasshen marke ko ƙirya, kauri kamar milimita 3, a sa shi a sama ko ƙasan wutsiyar, wato ta tsawon ƙotar. Nan ne mutane da yawa ke kuskure: in aka sa shi a gefe, kowane sara buɗa itacen yake yi har ya dare gida biyu. Gefen ma gara a bar ɗan sarari.

A mayar da ƙarfen da sanyinsa, a bubbuga kan ƙotar a kututture har ya zauna.

Gatari mai ido irin na kanti, wanda ƙota ce ke shiga ramin ƙarfensa, daban ne. A tsaga kan ƙotar da zarto zuwa kashi biyu cikin uku na zurfin idon, a kora ɓallin itace da guduma, a yanke rarar. In kan ƙotar ya riga ya tsage, a nemi sabuwa wadda ta bushe sosai, mai ƙulli a kai in na gida ne.