Dalilin da na bar shagon wayarin a Garwa

Na ajiye aiki a shagon da na koyi wayarin ɗin gidaje a garin Garwa na arewacin Kamaru, kuma tun da abokan sana'a suna ta tambayata dalili, gara in rubuta abin da ya raba ni da maigidana, wato cusa bireka (makunnin da ke yanke wuta da kansa idan ta yi yawa) ta wani kamfani a cikin akwatin rarraba wuta na wani kamfani dabam.

Duk wanda ya saba buɗe akwati ya san inda ruɗin yake. Layin ƙarfen da ake maƙala bireka a kai faɗinsa milimita 35 ne, ita kuma birekar mai gurbi ɗaya wajen milimita 18 ce, ko ta Legrand ce ko ta Schneider ko ta Hager, saboda haka kowacce za ta hau layin ta zauna daram kamar don shi aka ƙera ta. Amma ƙa'idar IEC 60898 ta hukumar ma'aunin kayan lantarki ta duniya, wadda ake bugawa a jikinta, ba ta tilasta wa kamfanoni su sa bakin shigar wuta a tsayi ɗaya ko zurfi ɗaya ba. Sandar jan ƙarfe mai haƙora da ke raba wuta ga birekokin, kowane kamfani ya yanka tasa daidai da bakin kayansa: wata haƙoranta siraran tsinke ne, wata kuma masu baki biyu ne da ke rungumar sukuru. Shi ya sa ƙa'idar IEC 61439-3 take ɗaukar akwatin gida da abin da ke cikinsa a matsayin abu guda da aka gwada tare, kuma wanda ya cakuɗa kayan ya ɗauki nauyin abin da zai biyo baya a wuyansa.

A wani watan Maris aka kira mu gidan wani Alhaji ɗan kasuwa domin a ja layi ga sabuwar na'urar sanyaya ɗaki. Ana buƙatar bireka mai amfiya 20 (amfiya ita ce ma'aunin yawan wutar da ke bi ta waya), irin ta akwatin kuma ta ƙare a shago, sai maigida ya zaro wata ta wani kamfani daga aljihun teburinsa ya miƙo mini. Da na ɗora ta, na ga bakinta ya ɗan fi na sauran tudu, har haƙorin sandar bai shiga ba sai rabinsa, kuma ba zai shiga duka ba sai an lanƙwasa sandar, abin da zai sassauta na maƙwabtanta. Na ce masa: "Maigida, haƙorin bai zauna ba, a ba ni zuwa gobe in nemo irinta a kasuwa." Ya ce: "Kai yaro, amfiya 20 ai amfiya 20 ce, Alhaji yana jira." Ya karɓi sukundireba daga hannuna, ya ɗaure da kansa, ya rufe murfin.

Kafin damina ta faɗi, matar gidan ta ji ƙaurin roba a zaure. Da muka buɗe, bakin birekar ya yi baƙi ƙirin, robar ta narke ta manne da ta kusa da ita, haƙorin jan ƙarfen kuma ya sauya launi ya zama shuɗi-shuɗi. Alhaji ya tambayi abin da kowa zai tambaya, wato me ya hana birekar faɗuwa. Amsar ita ce bireka tana lura ne da yawan wutar da ke ratsa ta, kuma wutar ba ta wuce ƙima ba; zafin yana taruwa ne a mahaɗar da ba ta kama sosai ba. Idan amfiya 20 ta bi ta mahaɗar da ke da turjiyar kashi ɗaya cikin goma na om (ma'aunin turjiya ga wuta), ana samun zafin wat 40 a wurin da bai kai girman farce ba, cikin akwati rufaffe, a garin da zafin Maris da Afrilu yake wuce digiri 40. Maigida bai yi wannan bayanin ba. A gabana ya gaya wa Alhaji cewa yaronsa ne ya yi sakaci wajen ɗaure sukuru, sannan ya cire kuɗin gyaran daga ladana na wata. Ban ƙaryata shi a gaban mutane ba, domin ba haka aka rene ni ba, amma daga ranar na fara neman inda zan koma.

Sauran abubuwan da na ɗauko ba su buƙatar dogon bayani. Lambar da ke cikin ɗan murabba'i a fuskar bireka, 3000 ko 4500 ko 6000, ita ce iyakar wutar da za ta iya katsewa idan waya ta haɗu da waya, kuma ba a sa mai ƙaramar lamba a madadin mai babba don an ga amfiyarsu ɗaya. Bireka mai harafin B a fuskarta tana yanke wuta nan take daga ninki 3 zuwa 5 na ƙimarta, mai C kuma daga 5 zuwa 10, don haka C ta fi jure fizgar injin sanyaya a lokacin tashi. Ana saita birekokin gida ne a kan zafin digiri 30, shi ya sa a zafinmu suke faɗuwa da wuri, kuma maganin wannan ba ƙara amfiya a kan waya mai kaurin murabba'in milimita 2.5 ba ne. Jabun kaya kuwa sun cika kasuwa, wasunsu da sunan manyan kamfanoni a jiki.

Yanzu da nake aikin kaina, idan ban sami irin birekar akwatin ba, nakan kafa ƙaramin akwati a gefe da kayan kamfani ɗaya, ko in sauya layin gaba ɗaya da sandarsa, in faɗa wa mai gida kuɗin tun kafin in taɓa komai. Wasu sukan ce na cika tsada su tafi wurin tsohon maigidana, wanda har yau aljihun teburinsa cike yake da birekoki iri-iri, kuma na ji ya ɗauki sabon yaro.