Yadda muke maido da ruwa a tsohon kanal ɗin Montgomery

Kanal ɗin Montgomery hanyar jiragen ruwa ce da aka haƙa da diga da shebur. Ya taso daga Frankton a yankin Shropshire na Ingila ya nufi Newtown a Wales, tsawon kusan mil 33. Dutsen farar ƙasa na Llanymynech na cikin manyan kayan da jiragensa ke ɗauka, dawaki na ja daga gefe. A 1936 gaɓarsa ta ɓalle kusa da Frankton, ba a gyara ba, a 1944 doka ta rufe shi. Aikin sa kai ya kankama a Oktoban 1969, lokacin da jama'a suka yi gayya suka share ɓangaren Welshpool don hana shimfiɗa titi a kansa. Tun daga nan ake buɗe shi gaɓa-gaɓa, har zuwa Crickheath a 2023.

Sabon ɗan sa kai yakan zo da sha'awar ginin jan bulo da manyan ƙofofin katako. Amma abin da aikin ya koya mana, mu 'yan sa kai, shi ne, kanal duk ƙawarsa in bai riƙe ruwa ba, dogon rami ne kawai. Galibin wahalarmu a ƙasan ramin take, inda ba mai gani bayan ruwa ya rufe.

Da sara ake farawa, kuma ba a kowane wata ba. Daga Maris zuwa Agusta tsuntsaye na sheƙa, doka ta hana lalata sheƙar da ake amfani da ita, saboda haka saran itatuwa aikin hunturu ne. Muna barin kututture ya kai tsayin ƙugu don a sami inda za a ɗaura waya, sannan a tumɓuke shi da injin ja na hannu. Wanda ya sare shi daidai da ƙasa ya bar saiwar a ciki ya haƙa wa kanal rami: saiwa za ta ruɓe a hankali, ta bar kafa, ruwa ya bi. Akwai kuma wani ɗan ƙadangaren ruwa mai tukku da dokar Birtaniya ke karewa. Inda aka same shi sai an nemi lasisi, an kewaye wurin da shingen leda, an kwashe su zuwa wani tafki kafin mota ta shiga. Wannan kaɗai kan cinye watanni.

Sai kwashe laka. Magabata sun shafe ƙasan kanal da yumɓu da aka kwaɓa da ruwa aka tattake, dabarar da injiniya James Brindley ya yaɗa a ƙarni na 18. Bokitin motar haƙa mai haƙora yana yage wannan shimfiɗa cikin daƙiƙa, don haka muna sa bokiti maras haƙora, mutum guda kuma ya tsaya yana kallon launin ƙasa. Da baƙar laka ta ƙare yumɓu mai santsi ya bayyana, sai ya ɗaga hannu a tsaya.

Inda za a yi faci da yumɓu, gwaji muke fara yi. A murza shi a tafin hannu ya yi tsawo, a lanƙwasa. In ya karye, yashi ya yi masa yawa. A gina ɗan kwano da shi a cika da ruwa a bar shi ya kwana. Wanda ya ci jarrabawa ana zuba shi hawa-hawa, kowane hawa bai wuce santimita 15 ba, a tattake sosai kafin a ɗora na gaba. Babban maƙiyinsa bushewa: rana da iska na tsattsaga shi, tsagar kuwa ba ta cika haɗewa daidai ba. In aka tashi aiki sai a lulluɓe da leda.

A dogayen wurare da suka shekara da shekaru a bushe, yumɓun dā ya riga ya lalace, shimfiɗar zamani muke yi. A gyara siffar rami, a tsince kowane dutse mai tsini da hannu, a shimfiɗa yadin kariya mai kauri, a ɗora shimfiɗar hana yoyo, gefe ya hau kan gefe da kamar santimita 30, a sake rufewa da yadi, sannan a jera bulon siminti a kai don kare ta daga farfelar jirgi. Bulon nan hannu da hannu ake miƙa shi, dubbai. In shimfiɗar mai bentonayit ce, wato yumɓun da ke kumbura in ya sha ruwa, ba a warware fiye da abin da za a danne a ranar, domin in ruwan sama ya same ta ba nauyi a kai, kumbura take ta lalace. Matsalar da ta fi ɓata rai ita ce ruwan ƙarƙashin ƙasa: in ba a binne bututun tsane ruwa a ƙasa ba, yakan taso ya ɗaga shimfiɗar da bulonta gaba ɗaya. Bakin shimfiɗar kuma dole ya haura inda ruwa zai tsaya, a binne shi cikin ɗan lambatu a gefe.

Ginin bulo, a gadoji da kwalbatoci da ɗakunan ɗaga jirgi (inda ake cika ruwa ko rage shi don jirgi ya hau ko ya sauka), ba ma yinsa da siminti. Tsohon jan bulo yana da taushi. Siminti ya fi shi tauri, yana tsare danshi a ciki, sanyi ya daskarar da ruwan, fuskar bulon ta fashe. Kwaɓin farar ƙasa muke yi, awo ɗaya ga yashi biyu da rabi zuwa uku. A ƙwaƙule tsohon kwaɓi zurfin ninki biyu na faɗin tsagar, a jiƙa bulo, a cusa sabo a danna, a rufe da jiƙaƙƙen buhun algarara na kwanaki. In sanyi ya sauka ƙasa da digiri 5 a ma'aunin Celsius, a ajiye cokalin gini. Mai gaggawa ba ya jin daɗin farar ƙasa.

Abin da ba ma sassauci a kai shi ne rauni a hannu. Ruwan da ɓeraye suka yi fitsari a ciki yana ɗauke da cutar leftosfirosis. A rufe kowane yanka da filasta, a sa safar hannu, a wanke hannu kafin cin abinci, wanda kuma zazzaɓi ya kama bayan aiki ya gaya wa likita inda ya shiga.

Kafin a buɗe gaɓa, muna datse ta gaba da baya da yumɓu, mu cika da ruwa a hankali, mu kafa sanda mai awo, mu ajiye bokitin ruwa a gefe. Bokitin ne ke nuna abin da iska da rana suka sha. In ruwan kanal ya fi na bokiti sauka, akwai yoyo. Mukan bar shi ya ci gaba da sauka har ya tsaya da kansa, domin a daidai tsayin da ya tsaya ɗin kafar take, sai a bi gefen biyu a wannan layin ana nemanta.